Masana'antu da Mazauninsu a Ƙasar Maraɗi: Tarihin Cadawa da Maƙwabtanta

Kalmar masana'anta daga sana'a ta fito, kuma a ma'anarta mai faɗi tana nufin duk wurin da ake ɗaukar ɗanyen kaya, wato abin da aka samo daga gona ko daji ko jikin dabba ko ƙarƙashin ƙasa, a sarrafa shi har ya koma wani abu dabam wanda ya fi na farko daraja. Bisa wannan ma'ana, maƙerar da ke bakin kasuwar ƙauye da matatar man fetur da ke kusa da Damagaram 'yan gida ɗaya ne, sai dai sun bambanta wajen girma da jari da irin ƙarfin da ke tafiyar da su. Tambayar da masana labarin ƙasa suka daɗe suna yi ita ce dalilin da ke sa masana'anta ta zauna a wani wuri ta bar wani, da kuma dalilin da ke sa ta mutu ko ta ƙaura bayan ta zauna. Garin Cadawa, wanda ke cikin gundumar Agye a gabashin birnin Maraɗi, tare da maƙwabtansa na gundumomin Gazawa da Gidan Runji, wuri ne da ya dace da wannan nazari, domin a cikin shekara ɗari da 'yan kai yankin ya ga sana'o'in hannu na gado, ya ga zuwan injinan gyaɗa na kamfanoni da na gwamnati, ya ga durƙushewarsu, sannan ya ga yadda aikin ya koma hannun mata a cikin gidaje.

Ire-iren masana'antu da abubuwan da ke zaunar da su

Ana rarraba masana'antu ta hanyoyi da dama. Idan aka dubi matakin aiki, akwai masu ɗebo ɗanyen kaya daga inda Allah ya ajiye shi, kamar haƙar tama da kanwa da yumɓu, akwai masu sarrafa abin da aka ɗebo, kamar ƙira da jima da matsar mai, akwai kuma masu yi wa waɗannan biyun hidima, kamar sufuri da ajiya da gyaran inji. Idan aka dubi girma, akwai sana'ar gida wadda iyali ke yi da hannu da ɗan jari, akwai ƙaramar masana'anta mai inji ɗaya ko biyu da 'yan ma'aikata, akwai kuma babbar masana'anta wadda ba ta tafiya sai da wutar lantarki da ɗaruruwan ma'aikata da rancen banki. Ana kuma rarraba su bisa tushen kayansu, wato na noma da na dabbobi da na daji da na ma'adinai, ko bisa mallaka, wato na iyali da na 'yan kasuwa da na gwamnati da na haɗin gwiwa.

Abubuwan da ke zaɓa wa masana'anta mazauni kuwa sanannu ne: kusanci da ɗanyen kaya, da ruwa, da makamashi, wato itace ko gawayi ko mai ko lantarki, da ma'aikata masu sanin aikin, da hanyar sufuri, da kasuwa, da jari, da kuma manufar hukumar da ke mulki. Wani masanin Jamus mai suna Alfred Weber ya wallafa littafi a kan wannan batu a 1909, inda ya nuna cewa kayan da ke rage nauyi sosai idan an sarrafa su sukan jawo masana'anta zuwa inda ake samun su, domin babu mai son biyan kuɗin dakon abin da za a zubar a ƙarshe, kayan da ke ƙara nauyi ko saurin lalacewa bayan sarrafawa kuwa sukan ja ta zuwa bakin kasuwa. Wannan ƙa'ida tana bayyana abubuwa da yawa a tarihin ƙasar Maraɗi, amma ba ta isa ita kaɗai ba, domin a wannan yanki akwai wani abu da ya sha rinjayar nauyi da nisa, wato iyakar da ta raba shi da Katsina da Kano.

Sana'o'in hannu kafin zuwan Turawa

A ƙarni na 19 zaman jama'ar wannan yanki ya ta'allaƙa ne ga kwaruruka biyu, Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, da kuma garuruwa masu ganuwa ko shingen itace. Dalilin haka yaƙi ne, domin bayan jihadin da aka fara a 1804 sarakunan Haɓe na Katsina sun ƙaura arewa inda suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Runji a yau, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma daga nan aka shafe shekaru ana kai wa juna hari tsakaninsu da ƙasashen da ke bin Sakkwato. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, kuma dajin da ya ratsa tsakanin Gazawa da Katsina wuri ne da fatake ba sa shiga sai cikin ayari saboda tsoron mahara. A irin wannan zamani tsaro shi ne sharaɗi na farko ga kowace sana'a, domin mai marina ko majemi ba ya kafa aikinsa a inda za a iya sace shi tare da kayansa.

A cikin wannan iyaka da tsaro ya shata, kowace sana'a ta bi abin da ta fi buƙata. Narkar da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, aiki ne mai cin gawayi da yawa, kuma ƙarfen da ake samu kaɗan ne idan aka gwada da tulin dutse da itacen da aka ƙona, saboda haka masu wannan aiki sukan fita daji da rani su yi sansani a inda tama da itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya suke kusa da juna. Maƙeri kuwa, wanda ke karɓar ƙarfen ya mayar da shi hauya da gatari da lauje da kan mashi, a cikin gari yake zaune kusa da manoman da ke kawo masa gyara, ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Ke nan sana'ar ƙarfe ita kaɗai ta rabu gida biyu, rabi ya bi ɗanyen kaya rabi ya bi kasuwa, tun kafin a rubuta wata ƙa'ida a kan haka.

Jima, wato gyaran fata har ta yi laushi ta daina ruɓewa, tana buƙatar ruwa mai yawa da toka da 'ya'yan bagaruwa, tana kuma da wari, shi ya sa majema ke zama a gefen gari kusa da rijiya ko tafki, dukawa masu ɗinka fatar kuma suna cikin kasuwa. Rini yana buƙatar baba da toka da ruwa da ƙasa mai tauri wadda za ta riƙe ramin karofi, yana kuma buƙatar masaƙa a kusa da fatake masu saye, don haka ya fi bunƙasa a inda jama'a da jari suka taru, kamar Kano da garin Kura, waɗanda turkuɗinsu ke ratsa ƙasar Maraɗi da Damagaram zuwa hannun Buzaye. Ginin tukwane ya zauna a inda yumɓu yake, kamar Jiratawa da ke bakin Gulbin Maraɗi, domin tukunya tana da nauyi kuma tana fashewa a hanya. Saƙar tabarma da tufkar igiya sun bi goruba, wadda ganyen ƙanananta, wato kaba, ya ba Gulbin Kaba sunansa. Abin da ya haɗa waɗannan sana'o'i duka shi ne kusan kowane mai sana'a manomi ne, da damina yana gona da rani yana bakin aikinsa, kuma ilimin aikin gado ne da ake koya a gida, saboda haka ba a biyan albashi a lokacin da babu ciniki.

Gyaɗa, jirgin ƙasa da iyaka

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, da kuma aikin kafa alamun iyaka da aka yi tsakanin 1906 da 1908, sun sanya Maraɗi da Tsibiri da Tasawa a hannun Faransa, Katsina da Kano kuma a hannun Ingila. Ƙarewar yaƙe-yaƙe ta ba manoma damar fita daga kwaruruka su sari daji su kafa ƙauyuka a kan jigawa, wato ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa, kuma irin wannan ƙasa ce ta mamaye kewayen Cadawa da Agye. Jigawa tana karɓar gero, tana kuma karɓar gyaɗa, wadda mutanen yankin ke kira gujiya, domin 'ya'yanta suna samun sauƙin shiga ƙasa kuma ba sa wuyar cira. A wannan lokaci ne kuma ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka kashe narkar da tama, yadin kanti ya rage wa masaƙa ciniki, amma maƙera da majema da dukawa suka ci gaba domin kasuwarsu tana ƙofar gida.

Abin da ya mayar da gyaɗa kayan fatauci shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Daga nan Kano ta zama cibiyar sayen gyaɗa, inda attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna, layin dogo kuma ya ƙara matsowa iyaka da ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa tana karɓar haraji da kuɗi, manomi kuwa ba shi da abin da ya fi gyaɗa saurin kawo kuɗi, saboda haka noman ya bazu, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français suka buɗe kantuna da wuraren awo a Maraɗi, suna ba 'yan kasuwar gari kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo musu. Daga cikin waɗannan masu saye ne aka sami tushen attajiran da aka sani da Alhazan Maraɗi, waɗanda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Gyaɗar da aka tara kuwa ta Kano take bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, ma'ana arzikin ƙasar da Faransa ke mulka yana fita ne ta hanyar da Ingila ta gina.

Masana'antar zamani ta farko a Maraɗi ita ce matsar man gyaɗa ta SICONIGER, wadda aka kafa a 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta ƙarancin jiragen ruwa ya kuma dagula sufuri. Kafin yaƙin, masu matsar mai na Marseille da Bordeaux sun fi son a kawo musu gyaɗar ɗanya su matse a can, domin ribar sarrafawa ta zauna a Faransa, amma da wurin ɗaukar kaya ya yi wuya sai hankali ya koma ga matsewa a kusa da gona, tunda man da ake samu bai kai rabin nauyin tsabar ba. A nan ana iya ganin cewa ƙa'idar nauyi tana nan tun farko, amma ba ta yi aiki ba sai da yaƙi ya karya manufar da ta danne ta. Bayan yaƙin, a 1953, Faransa ta ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle domin karkatar da wani kaso na gyaɗar Nijar zuwa Dahomey, wato Benin ta yau, inda manyan motoci ke kai ta Parakou, jirgin ƙasa kuma ya ƙarasa da ita Kwatano. Hanyar ta fi ta Kano nisa da tsada ga manomin Maraɗi, kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai da tallafi, amma an bi ta domin kuɗin sufuri ya zauna cikin yankin kuɗin sefa.

Dalilin zaman inji a Cadawa

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta nemi karɓe cinikin gyaɗa daga hannun kamfanonin Turawa, domin a lokacin gyaɗa da manta su ne ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA aka ba shi ikon fitar da gyaɗa shi kaɗai, aka kuma kafa hukumar UNCC domin shirya manoma cikin ƙungiyoyin haɗin kai masu sayar da amfaninsu da kansu. Noman ya kai ƙololuwarsa a kakar 1966 zuwa 1967, lokacin da aka sayi kusan tan 190,000 na ɓararriyar gyaɗa a faɗin ƙasar, mafi yawanta daga jihohin Maraɗi da Damagaram. A zamanin wannan bunƙasa ne SONARA ta kafa injinan ɓarar gyaɗa, ciki har da ɗaya a Doso da ɗaya a Cadawa, a daidai lokacin da masana'antun matsar mai ke aiki a Maraɗi da Matamai da Magarya.

Zaɓen Cadawa, wadda ba hedikwatar mulki ba ce kuma ba ta kai Maraɗi ko Tasawa girma ba, yana da bayani a lissafin nauyi da hanya. Ɓawon gyaɗa yakan kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta, kuma ya fi haka a wajen cika wuri, domin buhun gyaɗa mai ɓawo rabinsa iska ce, saboda haka motar da ta ɗauki gyaɗar da ba a ɓare ba zuwa Kano ko Parakou tana dakon shara ne a kan kuɗin mai da taya. Dole ke nan a ɓare ta kusa da gona, amma kuma a wurin da babbar mota za ta iya zuwa a kowane lokaci. Cadawa tana tsakiyar jigawar da ake noman, tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma daga nan ne hanyar Mayahi ke ballewa zuwa arewa, ta yadda kayan ƙauyukan arewa da na gabas suke haɗuwa a wurin kafin su wuce Maraɗi. Aikin ɓara kuma na kaka ne da rani, daidai lokacin da manoma suka gama aikin gona, don haka ana samun 'yan dako da masu ɗinkin buhu ba tare da an kawo su daga nesa ba.

Matsar mai kuwa ta zauna a Maraɗi domin buƙatunta sun fi na ɓara yawa. Tana son lantarki da ruwa da makanikai masu zama duk shekara, tana son banki da ofishin kwastan, tana kuma son manyan rumbuna da za su riƙe tsaba ta watanni. Ta haka aikin gyaɗa ya rabu hawa uku bisa abin da kowane hawa ke nema: saye a kasuwannin ƙauye, ɓara a mahaɗar hanya, matsa a birni. Wannan tsari ya yi kama da rabuwar da aka gani a da tsakanin mai narkar da tama da maƙeri, sai dai a wannan karon mai sayen ƙarshe yana Turai, kuma farashin da ake biya ba a kasuwar Cadawa ake yanke shi ba.

Sauran masana'antun ƙasar sun bi irin wannan lissafi. Kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa injinan gurza, wato raba auduga da angurya, a Maraɗi da Madawa kusa da fadamun da ake nomanta, domin angurya ta fi rabin nauyin audugar da aka tsinko, amma masaƙar zamani aka kai ta Yamai inda lantarki da kogi da hukuma suke. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya saboda laushi da ƙarfi, ita ta sa aka kafa cibiyar kiwonta a birnin a 1963, daga baya kuma aka gina masana'antar jima ta SONITAN. Siminti ya zauna a Malbaza, cikin jihar Tawa, a shekarun 1960, domin farar ƙasar da ake ƙonawa tana wurin, kuma tan ɗaya na siminti yana cin fiye da tan ɗaya na dutse. Misali mafi tsanani shi ne yuraniyom na Arlit, inda kamfanin SOMAÏR da aka kafa a 1968 ya fara aiki a 1971 a tsakiyar hamada, domin abin da ake samu a tan ɗaya na dutse 'yan kilo ne kawai, har ya zama dole a gina gari a kai ma'aikata, a kuma kafa tashar lantarki ta SONICHAR a kan kwal ɗin Anu Araren domin ta ba ma'adinan wuta.

Durƙushewa

Masana'antar da aka gina a kan amfanin gona guda ɗaya da mai saye guda ɗaya tana rayuwa ne muddin su biyun suna tsaye, kuma a ƙasar Maraɗi sun faɗi kusan lokaci ɗaya. Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗar ƙasashen da ta mulka a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, amma bayan yarjejeniyar Yaoundé ta 1963 da ƙungiyar kasuwar Turai aka janye wannan gata a hankali, har ya ƙare wajen 1967 zuwa 1968. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya dagula hanyar fita ta kudu. Fari ya biyo baya daga 1968, ya yi tsanani a 1973 da 1974, sannan a 1975 ƙwarin da ke yaɗa cutar kuturtar gyaɗa suka lalata amfanin da aka shuka a Nijar da arewacin Nijeriya baki ɗaya. Manomin da ya ga yunwa da idonsa ya mayar da gonarsa ga gero da wake, domin wake yana jure ƙarancin ruwa, ana ci a gida, kuma yana da masu saye a Nijeriya. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulki a 1974, ta sami kuɗin shigarta daga yuraniyom, saboda haka gyaɗa ta daina zama abin da baitulmali ke dogara da shi.

Injinan ɓara da na matsa sun wayi gari da ƙarfin sarrafa kayan da babu su. Ɗan abin da ake nomawa kuma ba ya isa gare su, domin farashin da mata masu ƙuli-ƙuli da fataken Nijeriya ke biya ya fi na hukuma. SONARA ta yi ƙoƙarin komawa cinikin wake, amma bashi ya yi mata yawa, aka kuma rushe ta a zamanin gyaran tattalin arziki na shekarun 1980, lokacin da aka janye hannun gwamnati daga kamfanoni da dama. Inji irin na Cadawa, wanda aikinsa ɗaya ne tak, ba ya da wata sana'a da zai koma idan gyaɗa ta ƙare, ba kuma za a iya ɗaukarsa a bi amfanin gona da shi ba.

A nan ne tasirin iyaka ya fito fili. Maraɗi tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Yamai, amma tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninta da Kano, inda unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka tara injina da makanikai da masu saye a wuri ɗaya. Irin wannan taruwa tana rage wa kowace masana'anta kuɗin aiki, domin kayan gyara da ƙwararru da dillalai duk suna kusa, kuma kasuwar Nijeriya ta ninka ta Nijar sau da yawa. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sai sabulu da yadi da robobi da katifu na Nijeriya suka cika kasuwannin Maraɗi da Cadawa da Gazawa a farashin da masana'antar gida ba za ta iya karawa da shi ba, fatun jar akuya kuma suka koma bin hanyar Kano ɗanyu bayan durƙushewar SONITAN. Rage darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ɗan sauƙaƙa wannan matsi, amma ya ninka kuɗin injina da kayan gyaran da ake sayowa daga waje. Attajiran Maraɗi, waɗanda suka san cewa ana iya rufe iyaka dare ɗaya kamar yadda aka yi daga 1984 zuwa 1986, sun fi son jarinsu ya kasance cikin haja da motoci da gidaje, abubuwan da ake iya juyawa cikin mako guda, fiye da injin da ba ya mayar da kuɗinsa sai bayan shekaru.

Abin da ya rage da abin da ke tafe

Matsar man gyaɗa ba ta mutu a yankin ba, mazauni ta sauya. A Cadawa da Agye da Gazawa da Tsibiri mata ne ke sayen gyaɗa da tiya, su soya, su kai injin markaɗe na unguwa, su matse mai, su soya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, sa'annan 'yan talla su kai kasuwa da tasha. Wannan sana'a ta tsira ne saboda dalilan da suka raya sana'o'in da: jarinta kaɗan ne, ma'aikatanta 'yan gida ne, kasuwarta tana kusa, babu abin da ake zubarwa domin ɓawo makamashi ne harawa kuma abincin dabbobi, kuma idan gyaɗa ta yi tsada ana iya dakatawa a koma wata sana'a ba tare da an bi kowa bashin albashi ba. Maƙera ma sun koma ƙera amalanke da garmar shanu da ƙofofi daga tsofaffin ƙarafa, wasunsu da injin walda, kuma sun taru a bakin kwalta inda wuta da masu saye suke. Tsohuwar masana'antar SICONIGER kuwa ta koma hannun 'yan kasuwa da sunan Olga Oil.

A jigawar da gyaɗa ta yi mulki a da, aya ce ta zama babban abin sayarwa, kuma Cadawa tana cikin manyan kasuwanninta. Ana kai ta Nijeriya inda ake yin kunun aya da dakuwa, ana kuma kai ta har Sifen, inda mutanen Valencia ke yin wani farin abin sha da ita. Mafi yawan aikin da ake yi mata a yankin bai wuce tankaɗe ƙasa da rairaya da tsincewa da zubawa a buhu ba, wato matakin da ya yi daidai da ɓarar gyaɗa, ribar sarrafawa kuwa tana can inda lantarki da jari suke.

Makamashin da za a yi wannan sarrafawa da shi ma ta iyaka yake shigowa, domin layin lantarkin da ke ba Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina ya taso, kuma a Gazawa yake rabuwa gabas da yamma. Da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, masu injin markaɗe da masu walda da masu ƙanƙara sun koma dogara da janareta da man da farashinsa ya tashi. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ta samar wa ƙasar man kanta, hasken rana kuma ya fara shiga ƙananan sana'o'i. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda idan ya kammala zai kawo jirgin da ya iso Kano tun 1911 har ƙofar yankin. Layin dogo yana ɗaukar kaya ta fuska biyu, zai rage kuɗin fitar da man gyaɗa da garin aya da gyararriyar fata idan an sarrafa su a Maraɗi ko Cadawa, zai kuma rage kuɗin kai su Kano ɗanyu da kuɗin shigo da waɗanda aka sarrafa a can, kuma wanda zai rinjaya a cikin biyun ya danganta ne ga farashin wuta a Gazawa, da canjin naira da sefa, da kuma tsawon lokacin da iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina za ta yi a buɗe.